Ku Tambaya Mu Amsa: Duba, Taurari da Masu Cewa Sun San Gobe

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙun wannan karon kusan duk waje ɗaya suka karkata, maganar duba da bokanci da taurari, to sai na haɗa su wuri guda, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ina karanta tarihi, abin da ke ɗaure min kai shi ne duk tsohuwar daular da muka buɗe sai mun tarar da masu duba zaune a gindin sarki. Wai da gaske mutanen nan suka yarda da abin ko dai bokayen ne kawai ke cin kuɗinsu? Kuma ya suke yin duban? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Da gaske suke ɗan'uwa, in ka ɗauka duk damfara ce to ba za ka taɓa fahimtar mutanen nan ba. Ɗauki ƙasar da yanzu ake kira Iraki, wato Babila da Assuriya. A can mai duba ma'aikacin fada ne, shekaru yake kwashewa yana karatun abin, kuma sarki ba ya fita yaƙi ko ya naɗa wani babban muƙami sai ya ji ta bakinsa. Babban aikinsu duba hantar rago. Za a rubuta tambaya a kan allon yumɓu a yanka mata wa'adi, misali daga yau zuwa kwana kaza maƙiya za su kawo wa gari kaza hari ko ba za su kawo ba, sai a roƙi abin bautarsu na rana mai suna Shamash ya rubuta amsa a cikin ragon, sannan a yanka a buɗe ciki a zauna ana bin hantar nan lungu-lungu, gefen dama namu ne gefen hagu na maƙiyi ne, in mugun tabo ya fito a hagu to maƙiyi ne zai ji jiki, a ƙirga alamun alheri da na sharri wanda ya rinjaya shi ne amsa, in abin ya rikice a sake yanka wani. A tsohon birnin Mari da ke Siriya an haƙo hantoci 32 da aka gina da yumɓu da rubutu a jikinsu, tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sai duban sama. Suna da wani jerin alluna kusan 70 da ya tattara alamomi wajen 7,000, in wata ya fito kaza ga abin da zai faru, in Zara ta yi jinkirin fitowa ga abin da zai faru, da yawansu a ɗakin karatun sarki Ashurbanifal da ke Nainawa aka samo su. Abin da suka fi tsoro husufi ne, don wani husufin a wajensu ma'anarsa sarki zai mutu. To ji dabarar da suke yi, kuma a zamanin sarki Esarhaddon da ya yi mulki daga 681 zuwa 669 kafin haihuwar Annabi Isa an yi ta ba sau ɗaya ba. Sai a samo wani mutum daban a sa masa kayan sarauta a ɗora shi a karaga, har mace ake ba shi a matsayin sarauniya, a karanto masa mugayen alamomin nan ya ɗauka a kansa, shi kuma sarkin gaskiya ya koma gefe ana kiransa manomi har a cikin wasiƙun fada. Abin yakan kai kwana 100. In wa'adi ya cika sai a kashe sarkin aro da matar, a yi musu jana'izar sarakuna, a ce to alama ta cika sarki ya mutu, manomi ya koma kujerarsa. Kaga mutanen da ke kashe rai a kan abu ai ba wasa suke ba. Amma lura da wani abu fa, tsarin nasu babu ta inda zai faɗi. In sarki ya rayu tsafin ne ya yi aiki, in ya mutu alamar ce ta tabbata, ko ta ina aka juya mai duba ne da gaskiya.

A ƙasar Sin kuma, zamanin daular Shang, wajen 1250 zuwa 1046 kafin haihuwar Annabi Isa, ɓawon kunkuru da allon kafaɗar sa suke amfani da su. A ƙwaƙule ƴan ramuka a baya, a ɗora wuta har ƙashin ya tsage, sarki ya dubi tsagar ya faɗi abin da kakanni suka ce, sannan a sassaƙa tambayar a jikin ƙashin, wani lokaci har da abin da ya faru daga baya. Sarki Wu Ding ya tambaya a kan ruwan sama da girbi da yaƙi, har ciwon haƙorinsa ya tambaya wane kakan ne ya sa masa. Akwai wanda kullum yake taɓa min zuciya, ya tambaya a kan haihuwar matarsa Fu Hao, matar da ita kanta take jagorantar mayaƙa, aka rubuta cewa bayan kwana 31 ta haihu, abin bai yi kyau ba, mace ce. Haka aka sassaƙa a ƙashi. An daɗe ana daka ƙasusuwan nan ana sayarwa a matsayin magani, sai a 1899 wani masani Wang Yirong ya gane rubutu ne a jiki, kuma yau su ne mafi tsufan rubutun ƙasar Sin da ake iya karantawa sosai.

Talakawa ma ba a bar su a baya ba. A Dodona ta ƙasar Girka an samo dubban ƴan ƙananan faya-fayen dalma da mutane suka rubuta tambayoyinsu, wani yana tambaya cikin da matar nan ke ɗauke da shi nawa ne, wani bargunansa da matasan kai suka ɓata yana son sanin ko sacewa aka yi, wani in yi kiwon tumaki zai karɓe ni. In ka karanta sai tausayi ya kama ka, don tambayoyin da ke kai mutane wajen mai duba yau su ne dai waɗannan, aure, ciki, sata, ciwo, neman abinci. Mutum ne yake tsaye a gaban abin da bai san ƙarshensa ba yana neman wanda zai sauke masa nauyin yanke shawara, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

TAMBAYA: Malam ana ta cewa duba ƙarya ne, amma ni da idona na ga wanda aka faɗa wa abu kuma ya faru, har sunan mahaifiyarsa aka faɗa masa bai faɗa ba. In ƙarya ne ya aka yi suke dacewa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ban ƙaryata ka ba, suna dacewa wani lokaci, kuma wannan tambayar taka an riga an yi wa Annabi (SAW) ita. A hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim, da ya ce bokaye ba komai ba ne sai aka ce masa ai wani lokaci suna faɗin abu ya zama gaskiya, ya ce wannan kalma ce ta gaskiya da aljani ke fizgowa ya zuba a kunnen mutumin nasa, sai su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Ɗaya a cikin ɗari kenan. Matsalar mu ƴan Adam ɗayar nan muke riƙewa mu yi ta ba da labarinta shekara da shekaru, sauran kuwa ko tuna su ba ma yi.

Bayan wannan akwai dabarun da tun zamanin da aka san su. Na farko magana mai baki biyu. Wurin duba mafi shahara a duniyar Girkawa shi ne Delfi, inda wata mata ke zama a kan kujera mai ƙafa uku tana magana da yawun gunki Afolo. Sarkin Lidiya Kurisus, wanda ake buga misali da dukiyarsa, ya aika da zinare mai yawan gaske ya tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa in ya yi zai rusa babbar daula. Ya yi murna ya fita, Sairus sarkin Farisa ya murƙushe shi wajen shekara 546 kafin haihuwar Annabi Isa, daular da ta rushe tasa ce. Marubucin tarihi na Girka Hirodotus ya kawo cewa da ya aika yana ƙorafi sai aka ce masa laifinsa ne, me ya hana ya sake tambaya daular wa ake nufi. Haka mutanen Atina a 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Farisawa na tafe, aka ce musu katangar itace ce za ta tsira. Wasu suka ce shingen itacen da ke kan tudun birni ake nufi suka fake a can aka kashe su, wani jagoransu Temistokilis ya ce jiragen ruwa ake nufi, aka ci nasara a yaƙin teku na Salamis, sai duniya ta ce Delfi ta faɗi gaskiya. Waɗancan da suka mutu a kan tudu su ma fa maganar ɗaya suka bi.

Na biyu maganar da ta dace da kowa. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako ya ba kowa takarda ya ce ga bayaninka kai kaɗai, ka ba shi maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya haura 4. Ashe takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto maganganun, irin su kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Wa ye wannan bai shafa ba?

Maganar sunan mahaifiya kuwa, neman labari tsohuwar sana'a ce. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa marubuci Lusiyan ya tona asirin wani boka Iskandar na garin Abonutikos a bakin Baƙin Teku, mutane na kawo tambaya a rufe da hatimi, shi kuma ya ɗumama allura ya ɗaga hatimin ya karanta ya mayar, kuma yana da ƴan leƙen asiri har a birnin Rum da ke aiko masa labarin manyan mutane kafin su iso. Yau da mutum ke zuba rayuwarsa kaf a Facebook ai abin ya fi sauƙi.

Kuma ka duba yadda ake zaɓen labarin da za a riƙe. Romawa suna tafiya yaƙi da kaji a keji, in sun ci hatsi da zafi-zafi alama ce mai kyau. A 249 kafin haihuwar Annabi Isa kajin suka ƙi ci, kwamandan jiragen ruwa Kalaudiyus Fulka ya ce tunda ba za su ci ba to su sha, ya sa aka watsa su teku, ya shiga yaƙin Direfana ya yi asarar jirage 93, aka yi ta ba da labarin don tsoratar da masu raina alama. To ga ɗaya gefen. A watan Agusta na 413 kafin haihuwar Annabi Isa rundunar Atina ta shirya tsaf za ta sulale daga Sirakus, birnin da ta je yaƙa ta kasa ci, ta tsira, sai aka yi husufin wata, masu duba suka ce a jira kwana 27, shugabansu Nikiyas ya ce ko maganar tafiya ba za a yi ba sai wa'adin ya cika, kafin nan an toshe musu bakin ruwa, rundunar nan gaba ɗaya ta halaka, waɗanda aka kama suka ƙare a ramukan fasa dutse. Wannan biyayya ya yi wa masu duba kuma ita ta kashe shi da mutanensa.

TAMBAYA: Malam don Allah a taimaka min, saura ƴan watanni bikina, sai ƙawata ta sa ranar haihuwata da ta wanda zan aura a wata manhajar taurari a waya, wai burujinmu bai dace ba auren ba zai yi ƙarko ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ko rigima kaɗan muka yi sai in ce shikenan ga shi nan ya fara. Daga wata baiwar Allah.

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, kuma abu na farko ki goge manhajar nan yau ɗin nan, don kin ga ta riga ta fara aiki a kanki, saɓanin da da za ki manta da shi kafin magariba yanzu ya zama hujja. Ta haka irin wannan maganar ke cika kanta.

Bari in gaya miki inda abin ya fito. Mutanen Babila ne a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa suka raba hanyar rana a sama gida 12 kowanne digiri 30, Girkawa suka karɓa suka faɗaɗa. Amma wannan na cewa duk wanda aka haifa daga kwanan wata kaza zuwa kaza ga halinsa ga makonsa, kayan jarida ne, ya samo tushe ne daga 1930 lokacin da jaridar Sunday Express ta Ingila ta sa wani R. H. Naylor ya duba tauraron Gimbiya Margaret da aka haifa a Agustan shekarar, masu karatu suka so, aka mai da shi fili na mako-mako. Kuma tun lokacin da aka tsayar da kwanakin burujan nan sama da shekara 2,000 da suka wuce, wurin da rana ke faɗowa a tsakanin taurari ya gusa, digiri ɗaya duk shekara 72, yanzu ya kusa buruji guda cur. Shi ya sa in kika kai ranar haihuwarki wajen masu taurarin Indiya akasari buruji daban za su ba ki da wanda manhajar ta ba ki. To wanne ne naki? An ma gwada su, a 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, aka ba ƙwararrun masu taurari lokacin haihuwar mutum da bayanan hali guda uku su zaɓi nasa, suka dace sau ɗaya cikin uku, daidai da wanda ya rufe ido ya nuna.

Illar abin kuma mata ta fi faɗawa, shi ne ke ƙona min rai. A Jafan akwai camfin cewa macen da aka haifa a shekarar dokin wuta tana cinye miji, shekarar na zagayowa duk shekara 60, da ta zo a 1966 haihuwa a ƙasar ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daga wajen miliyan 1.8 zuwa ƙasa da miliyan 1.4, iyaye na tsoron kar su haifi ƴar da za ta rasa mai aure.

Sarakunan Musulmi ma wasu sun ajiye masu taurari a fada ba don addini ya yarda ba. Halifa Mansur da zai gina Bagadaza a 762 masu taurari irin su Naubakht ne suka zaɓa masa rana, har aka yi masa albishir babu halifan da zai mutu a cikinta, a cikinta aka kashe Halifa Amin a 813. Halifa Mu'utasim kuwa suka ce kar ya fita yaƙin Ammuriyya lokacin bai yi ba, ya fita a 838 ya ci garin. A Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa Annabi (SAW) ya gaya wa sahabbai cewa wanda ya ce an ba mu ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu to da tauraro ya yi imani. In ruwan sama ma ba a jingina wa tauraro, ina ga zaman aurenki. Ki yi istihara da kanki, raka'a biyu da addu'ar da ta zo a hadisin Jabir, ba sai kin yi mafarki ba kuma ba sai kin biya wani ya yi miki ba, sannan iyayenki su yi binciken halinsa da addininsa da yadda yake mu'amala da mutane, abin da zai zauna da ke a ɗaki kenan.

TAMBAYA: Malam annabawa ma ai sun faɗi abin da zai faru, to mene ne bambancinsu da masu duba? Sannan masu kimiyya da ke faɗin ranar husufi su ma ba shiga gaibu suke ba? Daga wani matashi.

AMSA: Kuraishawa ma sun nemi su haɗa su, suka ce Annabi (SAW) boka ne, Alƙur'ani ya kore wannan a Suratu Ɗur da Suratul Haƙƙa. Larabawa sun san bokaye sarai, suna da kibau na ƙuri'a a wajen gunki Hubal, wata an rubuta Ubangijina ya umarce ni, wata ya hana ni, wata babu komai, suna tada tsuntsu in ya yi dama su tafi in ya yi hagu su fasa. Da kibau ɗin nan aka yi ta ƙuri'a tsakanin Abdullahi ɗan Abdulmuɗɗalib da raƙuma har suka kai 100. Suratul Ma'ida ta haramta su.

Bambancin a fili yake. Mai duba yana da kayan aiki, kai ke kawo tambaya ka biya ya buga ya ba ka amsa a lokacin da kake so. Annabi ba shi ke kiran wahayi ba, lokacin da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙazafi wajen wata guda ya yi yana cikin damuwa yana jira, da abu ne da ake bugawa a gani ai a daren zai buga. An umarce shi a Suratul A'araf ya ce da na san gaibu da na tara alheri mai yawa kuma da cuta ba ta shafe ni ba, kuma bai karɓi ko sisi ba. Sannan saƙon annabawa gyaran mutane ne, ku daina zalunci ku daina tauye mudu ku bauta wa Allah shi kaɗai, sau da yawa abin da sarki ba ya son ji, mai duba kuwa a bakin mai biya yake kallo. Attaura ma ta hana duba da sihiri da tambayar matattu a Maimaitawar Shari'a sura 18.

Husufi kuwa lissafi ne. Su kansu mutanen Babila garin tsoron husufi suka yi ta rubuta abin da suka gani a sama ɗaruruwan shekaru har suka gano yana maimaita kansa duk bayan shekara 18 da kwana 11, wannan ɓangaren na aikinsu ya zama ilimi ya rayu, fassarar sarki zai mutu ita ce ta mutu. A 1705 Edmond Halley ya lissafa cewa tauraro mai wutsiya da aka gani a 1682 zai dawo wajen 1758, ya rasu a 1742, aka hango shi ranar 25 ga Disamba 1758. Ya faɗi magana ɗaya tak mai lokaci, ya baje lissafinsa kowa ya bi, da bai dawo ba babu inda zai ɓuya. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne, yana cikin jimamin ɗansa ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ka gwada wannan da fadar Esarhaddon.

TAMBAYA: Malam yayana ya kamu da bidiyoyin wani mutum a intanet da ya yi lissafi ya sa ranar tashin duniya, yanzu yana maganar ajiye aiki ya sayar da filinsa. Mun yi faɗan mun gaji. Daga wata ƴar'uwa.

AMSA: Allah ya sassauta muku ƴar'uwa, abin akwai ciwo. Ki gaya masa an sha sa ranar nan kafin a haifi malamin nasa. A shekara ta 582 bayan hijira, wato 1186, masu taurari daga Farisa har Turai suka haɗu a kan cewa taurari za su taru a buruji ɗaya a Satumba iska ta tashi ta share duniya, mutane suka haƙa ramuka suka tara guzuri, malamin tarihi Ibnul Asir ya rubuta cewa ko iskar sheƙa hatsi sai da aka rasa a lokacin. A Turai an sa Fabrairun 1524 za a yi ruwan Ɗufana. A Amurka mabiyan William Miller suka jira dawowar Annabi Isa ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka ƙarar da abin da suka tara wajen buga sanarwa, da ranar ta wuce ya mai da ita 21 ga Oktoba.

Wanda ya fi tada min hankali na mutanen Xhosa ne a Afirka ta Kudu. Turawan Ingila sun sha cin su da yaƙi sun ƙwace ƙasa, ga ciwon huhu ya shigo yana kashe shanu, sai a 1856 wata yarinya Nongqawuse ta ce ta ga magabata a bakin kogi sun ce a yanka shanu duka a daina noma, matattu za su taso da sababbin shanu masu lafiya, a rabu da Turawa. Kawunta ya yaɗa, sarki Sarhili ya yarda. Aka sa rana ta wuce, aka ce laifin waɗanda suka ƙi yankawa ne, aka matsa musu, aka sa 18 ga Fabrairu 1857, rana ta fito ta faɗi kamar kullum. Shanu wajen 400,000 suka tafi, mutum wajen 40,000 yunwa ta kashe, dubbai suka bazu neman ƙwadago a gonakin Turawa, gwamna George Grey ya samu ƙasar da bai samu da bindiga ba. Mutanen nan ba wawaye ba ne, ƙunci ne ya kai su bango, shi ya sa nake so ki bincika me ke damun yayanki a ƙasan wannan maganar, bashi ne, aikin ne ya ishe shi, ko wani rashi aka yi masa.

Ta fuskar addini magana a rufe take, Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW) yaushe ne alƙiyama ya ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba, a Linjilar Matiyu 24:36 ma an ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani ko mala'iku. Amma kar ki zata wucewar ranar kaɗai za ta warkar da shi. A 1954 masu bincike ƙarƙashin Leon Festinger sun shiga cikin wata ƙungiya a Amurka da ke jiran ambaliya ranar 21 ga Disamba, da gari ya waye lafiya sai jagorarsu ta ce imaninsu ne ya sa aka ɗage, kuma waɗanda suka riga suka bar aiki suka rabar da kaya su ne suka fi ƙanƙame maganar, don komawa baya ya yi musu tsada. Saboda haka ku hana asarar tun yanzu. Ku daina yi masa dariya da gori, ku samo babban da yake jin nauyinsa ya roƙe shi abu ɗaya kawai, ya ɗage sayar da filin da ajiye aikin har bayan ranar da aka sa, ai in duniyar tashi za ta yi kuɗin filin ba su da amfani a gare shi. Takardun filin su koma hannun mahaifi ko wani babba a gidan. Ranar da wa'adin ya wuce kuma ki je wajensa da sassafe ki zauna da shi ba tare da kin ce ai mun faɗa maka ba, kafin mutumin nan ya saki bidiyon sabuwar rana.